Kwanciyar Hankalin Yaranmu Masu Zuwa Cin Rani

 

Yau maganarmu a kan yaranmu take, samari da ƴammata ƴan shekara 13 zuwa 19, waɗanda ke barin gida su zauna wata ƙasa. Za mu ɗauki misali da ƙasar Mallawa, cikin jahar Damagaram. Da can Mallawa tana cikin gundumar Magariya, amma tun shekarar 2011 ta koma ƙarƙashin Dungas. Iyakar Najeriya kusa take. Da an kai hatsi rumbu sai gari ya rage. Wasu yara su nufi Kano ko Legas, su yi ga-ruwa, ko turin baro, ko aikatau. Wasu a kai su almajiranci. Wasu kuma su yi arewa, Agadas, daga nan Aljeriya ko Libiya.

Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da ƙishirwa ta kashe mutum 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara. Daga watan Disamba na 2014 Aljeriya ta fara maido da mutanenmu cikin manyan motoci. A watan Maris na 2022 kuma aka kwaso fiye da mutum 1,000 daga Dakar, yawancinsu ƴan ƙasar Kance da Magariya, da yara da yawa a ciki.

In yaro ya dawo, mukan dubi jikinsa, mu dubi aljihunsa. Ba safai muke tambayar abin da ke ransa ba. To, jama'a, hankali ma yana ciwo kamar yadda ciki ke ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara bakwai ƴan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata damuwa ta ƙwaƙwalwa. Masana kuma sun ce ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ƙosawa sai ya wuce shekara 20. Saboda haka wahalar da babba zai jure, yaro tana iya yi masa tabo.

Me ke damun yaro a baƙunci? Abu huɗu ne manya.

Na farko, kewar gida. Ya rabu da uwa, da abokai, da dandali. In ya yi zazzaɓi ba mai taɓa goshinsa.

Na biyu, tsoro. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. A Aljeriya ko Libiya yaro ba ya jin Larabci, ba shi da takarda, kullum yana gudun kamu. A Kano harshe ɗaya ne, amma duk da haka yakan kwana a tasha ko bakin kasuwa, ido ɗaya a buɗe.

Na uku, nauyi. An aza wa ɗan shekara 15 cimakar gida. In an kira shi ta salula, tambayar farko ita ce: yaushe za ka aiko?

Na huɗu, kunya. Wanda aka maido hannu wofi yana ganin ya kasa. Tsaransa sun zo da babur, shi ko tsaraba babu. Wannan kunyar ce ke sa wani ya ƙi shigowa gari sai dare, wani kuma ya sake kama hanyar hamada.

Ta yaya za mu gane yaro na cikin damuwa? Labarin zuciya a tambayi fuska. Mai fara'a ya koma shiru. Ba ya barci, ko ya riƙa firgita cikin dare. Ba ya cin abinci. Abu kaɗan ya fusata. Ciwon kai da ciwon ciki ba sa ƙarewa. Ya daina zama cikin tsaransa. Wani ya faɗa shan taramol don ya manta. In alamun nan suka wuce mako biyu, kada a ce lalaci ne ko taurin kai. Ciwo ne, kuma yana da magani.

Ga abin da za mu yi.

Kafin tafiya: yaro ƙarami gida ya fi masa, da lakwal ko makarantar allo ta gari. In tafiya ta zama dole, a haɗa shi da babba amintacce, a san inda zai sauka.

Yana can: a riƙa kiransa. Uwa ta fara da "Kana lafiya? Ina kake kwana? Wa kake hira da shi?" Maganar kuɗi ta zo daga baya. Manyan garinmu da ke zaune a Kano ko Agadas su riƙa tara yaran, ko da ran Juma'a ne, su ci tuwo tare. Ɗa na kowa ne.

In ya dawo: a yi masa barka da zuwa, ko ya kawo ko bai kawo ba. Kada a yi masa gori. Kada a matsa masa ya ba da labari, amma in ya fara, a saurara har ya gama. A ba shi abin yi, noman rani, kiwo ko koyon sana'a. Liman da mai gari su ja shi a jiki. In damuwa ta yi tsanani, a kai shi gidan likita mafi kusa, su kuma su san inda za su tura shi, Magariya ko Damagaram. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna. Yaron da ya ce ya gaji da duniya kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi likita a ranar.

Ga tambayoyin da za ku tattauna a ajinku:

1. Yara nawa suka bar garinku bana, kuma wa ke kula da su a can?
2. Yaya kuke tarbar wanda ya dawo hannu wofi?
3. Wane aiki garinku zai iya ba samari da rani?

Malami ya rubuta amsoshinku, ya aiko mana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.