Kano zuwa Jidda: Kilomita nawa ne, kuma awa nawa jirgi ke ɗauka?

Duk shekara dubban mahajjata da masu Umara na tashi daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Sai dai lokacin da ke kan tikiti na rikita matafiya da dama: zuwa ya nuna awa 7, dawowa kuma awa 3, alhali hanyar ɗaya ce.

Nisan tafiyar

Idan aka miƙe a sama babu kwana, tsakanin filayen biyu akwai kimanin kilomita 3,400. Layin ya ratsa Chadi da Sudan kafin ya tsallaka Bahar Maliya. Manhajojin jirage kan rubuta nisan da NM, wato mil ɗin teku, wanda kowane ɗaya ke daidai da kilomita 1.852. Don haka wanda ya ga kusan NM 1,850 a wayarsa, nisan ɗaya ne.

Jirgin fasinja kan yi gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa idan ya daidaita a sama. A lissafi, awa 4 ke nan. Idan aka haɗa da hawa, saukowa da jiran izinin sauka, tafiyar kan kai awa 4 da rabi zuwa 5.

Abin da ke ƙara lokaci

Iska na taka rawa: idan tana tura jirgi daga baya sai ya isa da wuri, idan yana fuskantarta sai ya daɗe. Sannan yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa an rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma zagaye, abin da ya ƙara tsawon tafiyar. Wanda kuma zai yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa, sai ya haɗa da awannin jira.

Tarkon agogo

Saudiyya na gaban Najeriya da awa 2, kuma tikiti na nuna lokacin garin da filin yake ne. Jirgin da ya bar Kano ƙarfe 10 na dare ya yi awa 5 a sama zai sauka ƙarfe 5 na asuba agogon Jidda. Wanda ya bar Jidda ƙarfe 10 na safe kuwa zai iso Kano ƙarfe 1 na rana. Haɗarin na nan ne ga wanda wayarsa ta tsaya a agogon gida: ranar dawowa zai iya isa fili awa 2 a makare, jirgi ya tafi ya bar shi.

Yadda waya za ta taimaka

A saitin kwanan wata da lokaci, a kunna zaɓin da waya ke sauya agogo da kanta. A kuma ƙara Jidda da Kano a manhajar agogo don ganin biyun lokaci guda. Ga 'yan uwa masu tarba, Flightradar24 da FlightAware na nuna inda jirgi yake da lokacin saukarsa. Lambar jirgin da ke kan tikiti kawai za a rubuta. Kafin fita daga gida, a ɗauki hoton tikitin a ajiye a waya, domin ba ko'ina ake samun intanet ba.