Falet ya yi ritaya, ya koma falo

Jama'a, yau kan katakon nan muke, wanda ake jibga buhuna da kwalaye a kansa a sito da kwantena. Falet ake ce masa, kuma da ya gaji da dako sai kafinta ya mai da shi kujera, tebur ko gado. Ɗan dako ya zama ɗan gida.

Falet irin na Turai tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 80, katako 11, ƙafa 9, ƙusa 78 cif. Wanda ya ƙirga ƙusoshin nan, Allah ya biya shi.

Shi kansa nauyinsa kilo 25 ne ko kusa da haka, amma yana ɗaukar kilo 1,500. Wato buhun siminti 30. Don haka Hajiya, zauna abinki, bencin nan ya ga jiya.

Ƙusar falet murɗaɗɗiya ce ko mai zobba a jiki, an yi ta ne musamman don kada ta fita. Shi ya sa kafintan da ya saba ba ya kokawa da ita, zarton ƙarfe yake zurawa tsakanin katakan ya yanke ta. Sabon shiga kuwa sai ya tsaga katako uku ya daki yatsa sannan ya gane.

Ku duba gefen ƙafar falet ɗin, akwai tambari da aka ƙona da wuta, da haruffa biyu na ƙasar da ya fito. Falet ma da fasfo yake yawo.

In kun ga HT a tambarin, gasa shi aka yi har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30 don ƙwari su mutu, wannan kam a shigo da shi. In MB ne, hayaƙin guba aka tura masa, kada ya zama teburin cin abinci, kada kuma ya shiga murhu. Haka mai tabon da ba a san ko na mene ne ba. Tuwo ba ya son gwaji.

Wanda aka shafe da fenti shuɗi ko ja yawanci na kamfanonin haya ne, suna jiran a mayar musu da kayansu. Ba tsintuwa ba ce, malam.

Falet huɗu, biyu-biyu a jere, sun ba da gado mai santimita 160 da 240. Katifa ta ci 200, sauran 40 na buta da cajar waya. Sai dai a goge shi da samfefa tukuna, don sartse ba ya sallama.

Mutanen garin Alesund a ƙasar Norway kuwa, hasumiya suke ginawa da falet duk tsakiyar bazararsu, ta taɓa haura mita 40, sannan su cinna mata wuta suna murna. Kafintocinmu, ku kau da kai.