Karkacewar Tsohuwar Katafila da Yadda Ake Gano Inda Ciwon Yake

Kalmar katafila, wadda ta zama 'yar gida a bakin Hausawa, asalinta sunan kamfani ne, watau Caterpillar, wanda aka kafa a Amurka cikin 1925. Tun kafin nan, a 1904, wani mutum mai suna Benjamin Holt ya gwada tarakta mai tafiya bisa sarƙa a jihar Kalifoniya, domin ƙasar gonakin wurin tana da taushi, ƙafafun manyan injuna sukan nutse. Da wannan na'ura ta iso ƙasar Hausa, sai sunan kamfanin ya rufe kowace mai sarƙa, ko wane ne ya ƙera ta. Ita ce ta tura ƙasa a manyan ayyuka irin su madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Bakalori a 1978. Har yanzu akwai tsofaffin katafiloli da ke aiki a hannun ma'aikatu da 'yan kwangila, kuma daga cikin ƙorafin da direbobinsu suka fi kawowa akwai cewa tana ja gefe guda, ba tare da an taɓa komai ba.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Direban da katafilarsa take karkacewa yakan wuni yana jan liba don ya daidaita ta, kuma kowane ja yana cin kulocin ɓangaren da yake da lafiya, har ciwo ɗaya ya zama biyu. In a kan gaɓar magudanar ruwa yake aiki, to ransa ma yana cikin haɗari. Daɗin daɗawa, ma'aikacin da zai sa hannu a takardar fitar da kuɗin gyara yakan tarar an rubuta masa cewa sai an farke bayan na'urar duka, shi kuwa ba shi da hanyar sanin ko gaskiya ne.

Kafin a gane ciwon, wajibi ne a san yadda tsohuwar katafila take juyawa, gama ba ta da ƙafafun gaba masu karkata kamar mota. Ƙarfin inji yana bi ta giya ya isa wata sandar ƙarfe da ke gicciye a baya. A kowane ƙarshen sandar akwai kuloci guda, mai faya-fayai da yawa waɗanda sifirin ke matsewa, da kuma birki. Daga nan ƙarfin yake wucewa zuwa wili mai haƙora, wanda ke jan sarƙa. In direba ya ja libar hagu, kulocin hagu ya saki, sarƙar dama ta ci gaba da turawa, sai na'ura ta nufi hagu. In ya taka birkin hagu kuma, sai ta juya sosai. (Wannan bayani bai shafi sababbin ƙira ba, irin D8N da ta fito a 1987, waɗanda ke juyawa ba tare da an yanke wa sarƙa ɗaya ƙarfi ba.)

Abin lura a nan shi ne, muddin kulocin nan biyu sun kama sosai, to wilin hagu da na dama tamkar a sanda ɗaya aka ƙera su: ba yadda za a yi ɗaya ya riga ɗaya ko da haƙori guda. Ke nan karkacewa ba ta da mafita sai biyu. Ko dai wili ɗaya yana baya, watau kulocinsa yana zamewa, ko kuwa wilin biyu suna tafiya daidai amma sarƙoƙin ba sa cin ƙasa daidai.

Alli guda ya isa ya raba wannan gardama. A sami fili mai tauri wanda ba shi da gangare, a sauke bakin tura ƙasa, a kashe inji, sa'an nan a shafa alli a haƙorin da yake can sama a kowane wili. Sai direba ya tura kaya mai nauyi a miƙe, hannunsa bai taɓa liba ba, ƙafarsa ba ta kan birki. A riƙa tsayawa bayan kowace 'yar tafiya ana dubawa, domin in aka bari tafiyar ta yi nisa, wilin da ke baya yana iya rasa zagaye guda cif, alamun su sake haɗuwa, mai dubawa ya ruɗu.

In alamun suka rabu, ɓangaren da ya yi baya shi ne mai ciwo, kuma can ne na'urar take karkata. Amma ko a nan bai kamata a yi gaggawar kwance kuloci ba. Abu na farko da za a duba shi ne sassaucin liba, watau 'yar tazarar da take motsawa kafin ta fara aiki. Yayin da faya-fayai ke cinyewa wannan tazara tana raguwa, in ta ƙare sai kuloci ya zauna a ɗan sake kullum. Gyaransa sufana ne da littafin kamfani, cikin awa guda. Na biyu shi ne birki: in ya matse yana jan ganga, zai dinga tilasta wa kulocin ɓangarensa zamewa, kuma zafin murfin wurin yakan tona shi, in an kwatanta da na ɗaya ɓangaren. Na uku shi ne mai. A ƙirar da kulocinta busasshe ne, akwai noti a ƙarƙashin ɗakin kowane kuloci. In aka kwance shi mai ya zubo, to robar da ke tare mai ta mutu, faya-fayai sun jiƙe. Wankewa tana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma muddin ba a canza robar ba ciwon zai komo. Sai an gama da waɗannan uku ne za a zargi faya-fayan kansu ko sifirin da suka gaji. Alamarsu ita ce na'ura ta tafi sambal in ba kaya, ta karkace da zarar ta ɗauki nauyi.

In kuwa alamun alli suka zauna tare alhali na'ura tana karkacewa, mai farke kuloci ya yi asarar kuɗi. Ba nan take ba, an danne bodari a ka. Sai a koma ga sarƙa. Kowace gaɓar sarƙa tana haɗe da ta gabanta da fil, kuma yashi yana cin wannan mahaɗi a hankali har tazarar da ke tsakanin fil da fil ta ƙaru. Wili kuwa gaɓoɓi yake ƙirgawa, ba ruwansa da tsawonsu. A ƙaddara gaɓa tana da milimita 200, ta ɓangare guda ta ƙaru da milimita 3. Wannan sarƙa za ta nemi ta wuce 'yar'uwarta da mita ɗaya da rabi a kowace mita 100. Saboda haka na'ura takan karkata zuwa ɓangaren sabuwar sarƙa, abin da ke sa wasu su ɗora wa sabuwar laifi, alhali tsohuwar ce ta miƙe. Ana gane wannan ta hanyar ɗaure sarƙa ta yi tsam, a auna tsawon gaɓoɓi huɗu a jere a kowane ɓangare. Tsimin da ke sa a sayi sarƙa ɗaya a bar ɗaya shi ne mafarin yawancin irin wannan ciwo. Haka nan a duba ko ɗaurin sarƙoƙin ya yi daidai, ko laka ta cushe haƙoran wili, ko kuma ƙarfen da ke ɗauke da sarƙa ya goce daga saitinsa.

Wani lokaci ma na'urar lafiyarta ƙalau: bakin tura ƙasa ne ya ci ta kusurwa ɗaya, ko sarƙa guda tana cikin taɓo ɗaya tana kan tsandauri. Gangare kuma yana juya al'amarin baki ɗaya. In kaya ne ke tura katafila ƙasa, sarƙar da kulocinta ya saki ita ce ke yin gaba, sai na'ura ta karkata zuwa ɗaya ɓangaren. Wanda ya yi gwajinsa yana gangarowa daga kan madatsa zai nuna kulocin dama, alhali na hagu ne ke zamewa.