Daren Da Matan Mae Chaem Ba Sa Barci

'Yan'uwana mata, duk wadda ta taɓa riƙe mazari ta san kaɗi ba aikin gaggawa ba ne. To, ku ji labarin matan Mae Chaem, a lardin Chiang Mai na ƙasar Tailan.

Mabiya addinin Buda ne. Malamansu kan keɓe don ibada wata 3 da damina. In sun fito, wajen Oktoba ko Nuwamba, sai a kai musu sabon mayafi. A bikin da suke kira Chula Kathin, tilas a gama mayafin a kwana ɗaya. 'Yan mata su tsinko auduga, tsofaffi su gurje, su shiɓe, su kaɗa, a kwana ana saƙa. Daga nan a ɗinka, a rina, a miƙa.

Yau yadin kanti ya yi araha, yara kuwa sun fi son aikin birni. Shi ya sa mutanen garin suke karɓar baƙi 'yan yawon buɗe ido, su sauka a gidajensu, su ga aikin, su sayi zannuwan saƙi. Kuɗin ya shiga hannun mai saƙa, 'yarta ta ga koyo yana da riba.

Ke 'yar makaranta, abin da kakarki ta iya, zauna ki koya tun tana nan.