BABI NA HUƊU: Rawar Jagoran Zane a Wasannin Bidiyo Masu Kamanta Zahiri da Masu Salon Katun

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin tarihin wasannin bidiyo da kashe-kashensu. A wannan babi kuwa za a dubi rawar da jagoran zane yake takawa wajen fito da kamannin wasa. Domin kada bayani ya yi faɗi, an taƙaita nazarin a kan wasanni biyu na kamfanin Nintendo na ƙasar Japan, wato The Wind Waker (2002) da Twilight Princess (2006), waɗanda duk suna cikin jerin The Legend of Zelda. An zaɓe su ne saboda tauraronsu ɗaya ne, wato Link, daraktansu ɗaya ne, wato Eiji Aonuma, kuma dukkansu sun fito a kan na'urar GameCube, amma kamanninsu sun sha bamban ƙwarai.

4.1 Aikin Jagoran Zane

Jagoran zane shi ne ma'aikacin da yake yanke hukunci a kan duk abin da ido zai gani a cikin wasa, kamar launi da haske da inuwa da ƙirar mutane da tufafinsu da gine-gine. Masu zane da yawa ne suke aiki a ƙarƙashinsa, shi kuma ya tabbatar aikinsu ya fito tamkar hannu ɗaya ne ya yi shi. Sai dai aikinsa ya fi na takwaransa na fim nauyi ta fuska guda. Mai kallon fim yana bin abin da kyamara ta nuna masa, shi kuwa ɗan wasa shi ne yake juya kyamarar da kansa. Saboda haka dole ne zanen ya sanar da shi inda hanya take, da abin da zai iya ɗauka, da abin da zai cutar da shi.

4.2 Salon Katun: The Wind Waker

A shekarar 2000, a bikin baje kolin Space World, Nintendo ya nuna gajeren hoton bidiyo na Link yana fafatawa da abokin gabarsa Ganondorf cikin siffa mai kama da ta mutanen gaske. A bikin 2001 sai aka nuna wani Link daban, ƙaramin yaro mai ƙaton kai da dara-daran idanu. Dabarar da aka yi amfani da ita ita ce a hana haske sajewa da inuwa sannu a hankali, a raba su gida biyu da iyaka bayyananna, kamar yadda ake shafa launi a katun. Masoya wasan da dama, musamman a Amurka, sun yi tir da wannan sauyi, suna ganin an mayar da shi wasan yara.

Amma idan aka lura, za a ga salon yana da aikin da yake yi. Alal misali, idanun Link sukan juya su kalli abin da yake da muhimmanci a ɗaki, ta haka ɗan wasa yake gane inda zai nufa. Haka kuma iska, wadda ita ce jigon wasan tunda da ita ake tuƙa jirgin ruwa, an zana ta da fararen layuka masu nuna inda take kaɗawa. Da an nace a kan kamanta zahiri, da waɗannan alamomi biyu ba su samu gurbi ba.

4.3 Salon Kamanta Zahiri: Twilight Princess

The Wind Waker bai kai kwafi miliyan 5 ba a kasuwa, alhali Ocarina of Time (1998) ya haura miliyan 7. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kamfanin ya karkata ga zahiri. Da aka nuna sabon wasan a taron E3 na 2004 a birnin Los Angeles, mahalarta sun ɓarke da sowa, kuma daga baya an sayar da fiye da kwafi miliyan 8 a kan GameCube da Wii.

Duk da haka, jagoran zanen wasan, Satoru Takizawa, da abokan aikinsa ba kwafar duniya kawai suka yi ba. Sun zaɓi launuka masu duhu da ruwan ƙasa domin su dace da labarin, sannan suka lulluɓe yankunan da duhun almuru ya mamaye da hazo mai ruwan ɗorawa, da baƙaƙen ɓarɓashi masu tashi sama. Da ganin wannan ɗan wasa yake sanin ya shiga wurin haɗari. Ke nan ko a salon zahiri sai an zaɓi abin da za a fito da shi da abin da za a danne.

4.4 Matsalolin Kowane Salo

Kowane allazi da nasa amanu. Salon zahiri yana da matsaloli uku. Ta farko, cunkoson abubuwa yakan ɓoye wa ɗan wasa abin da yake nema, shi ya sa a sabon Resident Evil 4 (2023) kamfanin Capcom ya shafa rawayan fenti a kan akwatunan da ake fasawa, abin da wasu suka ce ya rushe zahirin. Ta biyu ita ce wadda Masahiro Mori ya bayyana a 1970, cewa siffar da ta kusa zama ta mutum amma ba ta cika ba takan tayar wa mai kallo da hankali. Ta uku, salon ya dogara da ƙarfin na'ura, don haka da an samu sabuwa sai tsohon aiki ya nuna tsufansa. Salon katun ya fi jure wa zamani, kamar yadda aka gani lokacin da aka sake fitar da The Wind Waker a kan Wii U a 2013, inda salon da aka ƙi a da ya zama abin yabo. Matsalarsa ita ce ta kasuwa, domin mai saye yakan yanke hukunci daga hoton farko da ya gani.

4.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ingancin zanen wasa ya rataya ne a kan dacewarsa da yadda ake buga wasan, ko da wane salo aka bi. Breath of the Wild (2017), wanda shi ma Takizawa ne ya jagoranci zanensa, ya tabbatar da haka, domin ƙirar jikin mutanensa ta kusanci ta gaske, amma launinsa na katun ne, har dabbar da aka farauta takan ɓace cikin hayaƙi ta bar nama ba tare da abin ya zama banbaraƙwai ba. A babi na gaba za a dubi rawar kiɗa da sauti a cikin waɗannan wasanni.