Tafiyar Ƙasa Zuwa Bakin Kogin Donga

A farkon ranin da ya wuce mu uku muka ɗauki jakunkunanmu a baya, muka tafi ziyarar wata ƙaramar ƙungiyar manoma a ƙasar Kurmi, cikin Jihar Taraba, kusa da iyakar Kamaru. Sun rubuto mana sau biyu suna neman shawara a kan noman koko. Daga Baissa mota ta kai mu inda hanya ta ƙare, sauran tafiyar kuwa sai a ƙasa, yini guda da rabi.

Ƙasar nan tana gindin tsaunukan Mambila ne, inda Kogin Donga ya taso kafin ya gangara ya faɗa cikin Binuwai. Ba ta yi kama da filayenmu na dawa da gero ba. Kurmi ne mai duhu, ga kwakwar manja da ayaba da gwaza ko'ina. A hau tudu, a gangara, a ƙetare rafi, a sake hawa. Kowannenmu yana ɗauke da bargo, da tocila, da gari da ƙuli-ƙuli, da littattafan da ba mu buɗe ko ɗaya ba. Ɗayanmu ya sa sabon takalmi, kafin azahar ya ji masa ciwo a diddige, ya ƙarasa da silifa. Wanda zai bi hanyar nan, ya sa tsohon takalminsa, ya kuma rage kaya. A wani hawa mata uku suka wuce mu da jarkokin manja a ka, suna hira, mu kuwa muna haki.

Kashegari da hantsi aka ƙetare da mu a kwalekwale. Abin da muka fara lura da shi, fadama ce mai baƙar ƙasa a bakin ruwa, wadda za ta yi shinkafa da rake da kayan lambu, amma duk ciyawa ta cinye ta. Gonakin mutane suna can kan gangare, inda ruwan sama ke wanke ƙasa kowace damina. Muka tambayi mai gari dalili.

"Malam," in ji shi, "ku zauna a bakin ruwan nan zuwa la'asar, za ku sani."

Ba mu kai la'asar ba. Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ya yi ta cizonmu a ƙafafu, kowane cizo ya bar ɗigon jini. A ƙarƙashin itacen taro kuma muka tarar da tsofaffi huɗu makafi, yara suna yi musu jagora da sanda. Wani ya kama hannunmu ya ɗora a kan ƙullutun da ke ƙugunsa, ya ce, "Ɗana, tun ina saurayi yake nan."

Wannan ita ce makantar kogi. Ƙudan yana yin ƙwai a ruwa mai gudu, a kan duwatsu da ganyaye, da rana kuma yake cizo. Idan ya ciji mai ciwon, sai ya ɗauki 'ya'yan tsutsa ya kai wa wani. Uwar tsutsar tana zama cikin ƙullutu a ƙarƙashin fata, tana iya kai shekara 15 tana haihuwa. 'Ya'yan su ne ke yawo cikin fata, su kawo ƙaiƙayin da ke hana barci, in sun kai ido kuma a hankali gani ya tafi. Idon da ya mutu ba ya dawowa.

Magani kuwa akwai, kyauta ne. Tun 1987 kamfanin Merck na Amurka yake ba da ƙwayar Mectizan ba da kuɗi ba. Ana auna tsawon mutum da sanda mai alama, a ba shi ƙwayoyi daidai tsawonsa. Ba a ba mai ciki, ko yaron da bai kai shekara 5 ba, ko wanda ciwo ya kwantar. Amma ga inda wahalar take: ƙwayar 'ya'yan take kashewa, ba ta kashe uwar. Don haka dole dukan gari su sha kowace shekara har uwayen su tsufa su mutu. Maƙwabtanmu na Nijar sun daure, a watan Janairu 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa sun kawar da ciwon, su ne na fari a Afirka.

A ƙauyen nan shekara biyu ba a sha ba. Saurayin da aka koya wa rabawa ya tafi birni neman aiki, gara ta ci littafin sunaye, ba wanda ya sake zuwa asibiti karɓo rabonsu. Ba mu ga laifin saurayin sosai ba. Aikin gari duka aka ɗora wa mutum ɗaya, ba lada, ba wanda ke taya shi noma ranar da ya tafi.

Da dare muka zauna da 'yan ƙungiya a hasken fitila. Maganar koko muka bar ta sai wata zuwa. Wata dattijuwa, ita ce ma'ajinsu, ta ce, "'Ya'yana, kowane mako muna kai manja kasuwa, muna wuce ƙofar asibiti, mu dawo da jarka ba kome. Ƙwayar nan ta fi gishiri nauyi ne?" Aka yi dariya, amma a nan aka tsai da shawara. Za a zaɓi mutum biyu, mace da namiji, ma'aikacin lafiya ya koya musu rabawa, gama ba abin da kowa zai raba da ka ba ne. Sabon littafin sunaye zai zauna cikin akwatin ƙarfe na ƙungiya tare da littafin kuɗi. Ranar da masu rabo suka tafi, za a yi musu gayya a gonakinsu.

Da asuba muka kama hanyar komowa. Sun roƙe mu mu dawo kafin ruwan fari, tun kogi bai cika ba, mu auna fadamar tare, mu kuma zo musu da irin shinkafa mudu biyar na gwaji. Mun amsa.