Mintunan Farko Kafin a Kai Yaro Asibiti

Idan tsautsayi ya faɗa wa yaro a gida, kafin likita ya gan shi ya riga ya bi ta hannun uwa, ko kaka, ko maƙwabciyar da ta ji salati ta shigo a guje. Kowa taimako yake nufi. Sai dai wasu abubuwan da muka gada muke yi a wannan lokaci suna ƙara wa yaro wahala, alhali taimakon da ya dace mai sauƙi ne, kuma ba ya buƙatar ko kwabo.

Mu fara da ƙuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 a shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. A wajenmu sanadin a fili yake: tukunyar kunu a ƙasa, ruwan wankan jego da aka sauke a tsakar gida, kaskon garwashi a ɗaki lokacin hunturu. Da yaro ya ƙone sai ka ji ana a kawo makilin, ko ɗanyen ƙwai, ko manja. Waɗannan ba sa fitar da zafin da ke ci gaba da cin nama a ƙarƙashin fata, kuma suna iya shigar da ƙwayoyin cuta. Abin yi shi ne a riƙa kwarara ruwa mai ɗan sanyi a wurin har minti 20, ban da ƙanƙara. A cire rigar idan ba ta manne ba, kada a fasa bororon da ya taso, a rufe da tsumma mai tsabta, a lulluɓe sauran jikin kada sanyi ya kama shi, sai asibiti.

Shan kananzir ma ya zama ruwan dare, domin a robar lemo ko ta ruwa ake ajiye shi, yaro mai ƙishi kuwa bai san bambanci ba. Nan da nan akan ɗura masa manja ko madara, ko a cusa masa yatsa don ya yi amai. Haɗarin kananzir a huhu yake. Ruwa ne tsinkakke mai saurin bin hanyar numfashi, kuma amai ne ke ba shi damar komawa can ya haddasa ciwon huhu. Saboda haka kada a sa shi amai, kada a ɗura masa komai. A tuɓe masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa, a kai shi asibiti ko da ya ci gaba da wasa, don tari da haki na iya tasowa bayan sa'o'i.

Jijjiga ce ta fi tayar da hankalin iyaye. Takan zo da zazzaɓi mai zafi ga yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar: ido ya kafe, jiki ya sandare, haƙora su datse. A ruɗe sai a tura cokali a baki wai kada ya haɗiye harshe, a ɗura ruwa ko jiƙo, wasu har su kara ƙafar yaro a wuta. Yaro ba ya haɗiye harshensa, amma cokali na karya haƙori, abin da aka ɗura kuma yana iya wucewa huhu. A kwantar da shi ta gefe ɗaya, a sassauta masa kaya, a kawar da duk abin da zai buge shi, a duba agogo. Yawanci takan lafa cikin 'yan mintuna. Idan ta kai minti biyar, a ɗauke shi ba tare da jira ba. Ko ta lafa, a je a gwada jini, domin zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau duk suna zuwa da jijjiga.

Idan gyaɗa ko alewa ta maƙale wa yaro, muddin yana tari a bar shi ya yi. In ya kasa kuka da numfashi, jaririn da bai shekara ba a kifa shi a kan hannu, kansa ƙasa da ƙirjinsa, a buga tsakanin kafaɗunsa sau biyar, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau biyar, a maimaita. Wanda ya haura shekara, bayan bugun baya, a rungumo shi ta baya a matsa saman cibiya ciki da sama. Laluben maƙogwaro da yatsa na ƙara tura abin ciki.

Wannan ilimi bai kamata ya tsaya ga ma'aikatan lafiya ba. A koyar da shi a wajen awon ciki, a makarantun Islamiyya na matan aure, a majalisun maza. Mai gida ya sa lambar gaggawa ta 112 a waya idan a Najeriya yake, ya kuma san mai abin hawan da zai buga wa ƙofa da tsakar dare. Uwa ta zaunar da kaka da 'yan raino ta faɗa musu tun yau, domin ranar da abin zai faru ba lallai tana gida ba.